Ranar da Na Shanya Takardun Bobbo

Ina zaune a ƙofar gida a Demsawo bayan la'asar, ina gyara igiyar akuya, sai wayar da ke aljihuna ta yi ƙara. Lambar ƙasar waje ce, kuma ranar Juma'a ce, don haka na ɗauka Bobbo ne, ƙanena, domin ranar ya saba kirana. Sai na ji muryar mace. 'Yarsa ce, wadda ban taɓa gani ido da ido ba. Hausarta ba ta da ƙarfi, tana ɗauko kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Ta ce, "Bappa, Baba ya rasu. Yau da safe." Na yi Inna lillahi. Na tambaye ta ko akwai waɗanda za su yi masa sutura yadda ya kamata, ta ce akwai. Na ce Allah ya jiƙansa, ta ce amin, wayar ta katse. Na ci gaba da ƙulla igiyar har na gama, domin hannuna bai san wani abin da zai yi ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki, kuma a kwana ukun nan na ji maganganun da da ƙyar na haɗiye su. Wasu manya suka zo da motoci da manyan riguna, ɗayansu ya ce Farfesa ɗanmu ne, abin alfaharin Jimeta, za su sa sunansa a wani ɗakin kwamfuta da suke ginawa. Na kusa da shi ya karkato ya tambaye ni a hankali, "Wai shi takamaimai me yake yi ne a can? Gyaran kwamfuta?" Wani tsoho kuma da muka tashi unguwa ɗaya ya shafa addu'a, bai ko sauke hannu ba ya ce, "Allah ya gafarta masa, amma dai ya manta gida. Tun da ya ƙaryata bappansa a bainar jama'a ya tafi, shi ke nan." Na dube shi, na dubi tabarma. Zaman makoki ba wurin faɗa ba ne. Amma tun daga ranar nake jin wani abu yana ci a ƙirjina, kuma na san ba baƙin cikin mutuwa kaɗai ba ne. Fushi ne. Ina fushi da masu yabon da ba su san abin da suke yabo ba, ina fushi da masu zargin da ba su san abin da ya faru ba, kuma akwai wanda na fi fushi da shi duka, zan zo kansa.

Ni karatuna bai wuce elemantare ba, amma na san aikin Bobbo fiye da masu manyan rigunan nan, domin na san inda ya samo shi. A jakar mahaifinmu ya samo shi. Baba masinjan gidan waya ne, tun zamanin da ba gada a kan Binuwai, sai jirgin fito da kwale-kwale. Jimeta ta lokacin kana iya saninta da kunne. Da asuba luguden turmi daga gida zuwa gida, sai muryar masu nono suna shigowa daga rugage, sai ƙararrawar keken Baba yana fita. In damina ta yi nisa kogi ya cika, sai ka ji jiniyar jirgin ruwa ya iso gaɓa da gishiri, mu yara mu watsar da tulunan ɗiban ruwa mu ruga kallo, mu dawo mu sha duka. Yanzu babu jirgi, babu jiniya, kogin ma a rani yashi ya fi ruwa yawa. Abin da kunne ke ji sai babura da janareto da yara suna zagin waya wai babu sabis, kamar an hana su gadon ubansu.

Baba ba ya kai kowace wasiƙa hannun mai ita, domin ƙafa ɗaya ba ta isa ƙauyukan ƙetare duka. Abin da ya sani shi ne wa ke zuwa ina, kuma wace rana. Wasiƙar Damare sai ya ba mai fito, mai fito ya ba wata mai nono da ke komawa, ita ta ajiye wa jauro, wato mai garin, jauro ya aika wa mai ita. In ruwa ya yanke hanyar, wasiƙar ta kwana a hannun wanda take, ko ta zaga ta wata kasuwa. Kuma dole kowane hannu ya aiko da kalma ɗaya baya, cewa ta isa. In kasuwa biyu ta ci bai ji kalmar ba, sai ya ɗauki keke ya bi sawu, hannu bayan hannu, har ya gano inda ta maƙale. Yakan ce, "Ba sai na san hanya duka ba. In san hannu na gaba, in kuma san mai amana ne." Mun ji maganar nan har ta gundure mu. Ni ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Bobbo ya riƙe ta.

Aikinmu na yamma, bayan mun yanko wa awaki ciyawa mun wanke alluna a zauren Bappa Modibbo, ƙanen Baba, shi ne ware wasiƙun gobe. Baba ya zazzage su a tabarma. Ni in an ce in nemo ta wane, sai in bi su ɗaya-ɗaya tun daga sama. Bobbo kuwa sai ya raba su kashi biyu, na wannan gaɓa da na ƙetare, kowane kashi ya sake raba shi biyu, ya sake rabawa, har in ka ambaci suna ya miƙa hannu sau uku ya ciro. Hamma yake kirana, wato yaya. Ya ce mini, "Hamma, kai ka taɓa kowace wasiƙa sau goma, ni sau uku. Wa ya fi gajiya?" Na ce wanda ya fi surutu. Baba ya yi dariya ya ce, "Wannan yaro malalaci ne, amma lalacinsa na da amfani. Kai kuma jaki ne mai kirki." Daga nan sai Bobbo ya koma zana ƙauyuka a ƙasa da tsinke, kowane ƙauye ɗigo, kowace hanya layi, ya share layi ɗaya da ƙafa ya ce ruwa ya cinye wannan, to ta ina wasiƙa za ta bi? Inna ta hana shi zane a inda take shanya, ya koma bayan rumbu. Ranar da aka ce mun sami mulkin kai, aka raba mana 'yan tutoci a makaranta muka yi maci har ƙafafunmu suka yi fari, da muka dawo Bobbo ya tambayi Baba ko yanzu wasiƙa za ta fi sauri. Baba ya ce, "Kogi bai ji labari ba tukuna."

Ni na tsaya inda na tsaya, na gaji keken Baba da jakarsa. Bobbo ya wuce sakandare, ya wuce jami'a, sannan lokacin da aka haɗa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri, gwamnati ta tura shi ƙasar Turawa karatu. Wasiƙunsa ta hannuna suke biyowa, ni ke ware su, ni ke karanta wa Inna. Ya rubuto cewa ya ga wani inji da ya cika ɗaki, sunansa kwamfuta, ba shi da wayo ko na kaza, amma duk abin da ka shimfiɗa masa mataki-mataki zai bi ba gajiya ba mantuwa. Ya ce aikinsa shi ne nemo matakan da suka fi gajarta, da kuma yadda za a jera bayanai a cikin injin don a ciro abu ba tare da an birkita duka ba. Ya ce, "Hamma, raba wasiƙu nake yi har yanzu, sai dai an ba abin suna mai tsawo." Yana can Baba ya rasu. Wasiƙar da na rubuta wa Bobbo in sanar da shi ta yi mako uku a hanya. Ya ce mini daga baya, a cikin makonnin nan uku ya rubuta wa Baba wasiƙa yana tambayarsa lafiya.

Ya dawo da damina, a ƙarshe-ƙarshen zamanin jihar, ya rame, ya tara gashi, yana ɗauke da wani koren akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ya ce ya dawo ke nan. Washegari da yamma muka sauka bakin kogi, muka zauna a kan wani kifaffen kwale-kwale, ya yi mini bayani. Ya ce yanzu masana na neman yadda injunan nan za su riƙa aika wa juna saƙo ta waya daga gari zuwa gari. Amma su can wayarsu ba ta cika yankewa ba, don haka ba su san ciwon ba. Shi kuwa shekara uku yana aiki a kan abu ɗaya: in hanya ta yanke, yaya saƙo zai tsaya a hannun na kusa ya jira, ko ya zaga, ba tare da wani babba a tsakiya yana ba da umarni ba, kuma yaya kalmar "ta isa" za ta komo. Na ce, "Ai wannan aikin Baba ne." Ya ce, "Shi ne mana. Baba ya yi da mutane, ni zan tabbatar da lissafi cewa ba saƙon da zai ɓata ko ya yi ta kewaya har abada. Kuma a nan zan gwada shi, asibitin ƙauye ya yi magana da na gari ko kogi ya cika ko bai cika ba." Na ce to wa zai saya maka injin da ya cika ɗaki? Ya ce shi ya sa zai je Maiduguri.

A gida ya buɗe mini akwatin. Takardu ne warwatse, ba a ɗinke ba, sun kusa cika shi. Abin da ya ba ni mamaki, ba da boko ya rubuta su ba. Da ajami ne, Fulatanci da Hausa a cakuɗe, da ɗigo-ɗigon nan da layuka irin na bayan rumbu, da gidaje-gidaje cike da lambobi. Kuma a saman kowane shafi akwai Bisimilla, yadda Bappa ya koya mana tun a allo, cewa ba a fara rubutu sai da sunan Allah. Na ce me ya sa ba ka yi da Turanci ba? Ya ce, "Turanci na mutane ne, in na gama. Wannan tunani ne, kuma ni da harshen Inna nake tunani." Na ce akwai wani kwafi? Ya ce babu, sai abin da ke kansa, kuma kan ba ya riƙe rabi. Ranar da zai hau mota ya kulle akwatin ya miƙo mini mabuɗi. Ya ce, "Kada kowa ya buɗe. Ko kai." Na ce, "Ko ni?" Ya ce, "Musamman kai. Hannun masinja ne da kai, duk takardar da ka gani sai ka raba wa mutane." Muka yi dariya, mota ta tashi.

Kwana uku da tafiyarsa aka yi ruwa irin wanda ke cika indararo ya koma ɗaki. Gidan ba kowa sai ni, Inna ta tafi cikin Yola ta'aziyya za ta kwana biyu, matata tana gidansu wankan jego. Da safe na leƙa ɗakin Bobbo na tarar rufin ya yi yoyo daidai kan akwatin, ƙasan ɗakin kuma ruwa kwance. Na ɗaga akwatin, ruwa ya zubo ta gindinsa inda tsatsa ta ci. Na tsaya ina tunani. Ya ce kada in buɗe. Amma na san abin da laima ke yi wa takarda, na ga buhun wasiƙu ya zama tuwo a cikin kwale-kwale. Na buɗe. Na ƙasan sun manne da juna, na riƙa ɓanɓare su a hankali da bakin wuƙa. Rana ta fito tas. Na shimfiɗa tabarmi uku a tsakar gida, na jera su shafi-shafi, na danne kowanne da ɗan dutse. Har na ji daɗin kaina. Abin da ya rage shi ne in zauna in tsare su, aikin awa uku. Amma ranar motar wasiƙu ke isowa, kuma ban taɓa fashin aiki ba, ina alfahari da haka. Na ce in je in sa hannu in dawo. Na ja ƙofar zaure, ban kulle ba, lokacin ba a kulle gida.

Ban dawo da wuri ba. Buhuna biyu suka zo maimakon ɗaya. Ina cikin warewa na ji kwanon rufin ofis ya fara ƙara, na leƙa na ga gabas ta yi baƙi, iskar hadari ta taso. Na hau keke na taka iya ƙarfina. Tun daga bakin layinmu na hango hayaƙi, da mutane tsaye, da Bappa Modibbo tsugune gaban wani sabon kasko. Abin da ya faru, iska ta buɗe ƙofar zaure ta kwashi takardun zuwa titi. Bappa ya taso daga Alkalawa zai duba gidan ɗan'uwansa, sai ya ga sunan Allah a cikin kwata, a cikin taɓo, jaki yana takawa, akuya tana taunar wani. Ya tsayar da masu wucewa suka tsince su tsaf, ya shiga gida ya kwashe har waɗanda ke ƙarƙashin duwatsu, ya yi abin da aka koya mana a yi wa tsohuwar takardar karatu in ta yayyage: a ƙona ta a abu mai tsarki, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Da na iso na ƙarshe ne ke ci. Ya ɗago, idonsa ja saboda hayaƙi da ɓacin rai, ya ce, "Wa ya watsar da sunan Allah a kwata?" Mutane suka juyo gare ni. Na ce, "Ban sani ba, Bappa. Ina wurin aiki."

Na auna maganar nan shekara da shekaru, ban sami uzuri a cikinta ba. Ba dukana zai yi ba, ina da gemu lokacin. Kunya ce kawai ta idon mutane goma. Bappa ya daɗe yana kallona, sannan ya koma kan kaskonsa. Ya ce, "Na san harufan, ban san maganar ba. Gidaje-gidaje da lambobi kamar hatimi, amma ba hatimin da na gada ba ne. Allah kaɗai ya san abin da yaron nan ya koyo." A nan fushina da shi yake, kuma mutuwarsa ba ta rage shi ba. Takardar da ta faɗi ƙasa ana iya ɗaga ta, a goge, a sa a tukunya, a rataye a sama har mai ita ya dawo. Waɗanda ke kan tabarma ba abin da ya taɓa su. Bai gane su ba, ya ji tsoronsu, ya kira tsoron nasa ladabi. Ya binne tokar a gindin katanga, hadarin ma bai zubar da ko ɗigo ba. Ni kuma na shiga ɗaki na mayar da kwaɗo a jikin akwatin da babu komai a ciki, na kulle, ban san ma dalili ba.

Bobbo ya dawo bayan mako guda. A Maiduguri sun yi ta tura shi daga tebur zuwa tebur, a ƙarshe wani babba ya ce ba su da gurbin mai lissafin inji, in yana so ya je ya koyar da yara jimla. Da wannan ya sauko a tasha, kuma tun a tasha wani maƙwabci mai saurin baki ya tare shi ya ce bappanka ya ƙone takardunka. Bai zo gida ba. Ya wuce Alkalawa kai tsaye, ni ma aka gaya mini na bi shi a guje. Na tarar an idar da la'asar, dattawa na zaune a ƙofar zauren Bappa, Bobbo na tsaye da jaka a kafaɗa, bai ko tsuguna ba.

Ya ce, "Bappa, wa ya ba ka izinin shiga kayana?"

Bappa ya ce, "Ka fara gaisuwa tukuna, ko can ba a yi?"

Ya ce, "Shekara uku ka ƙona. Shekara uku!"

Bappa ya ce, "A titi na tsince su, jaki na taka sunan Ubangijinka. Ni na ƙona, in na sake gani kuma zan sake."

Bobbo ya ce, "Ƙarya ne. A kulle na bar su."

Wani tsoho ya ce subhanallahi. A garinmu ɗa bai taɓa ce wa ƙanen ubansa, malami, mai ƙarya ba, balle a gaban mutanen da ke bin sa salla. Bappa bai dubi Bobbo ba. Ni ya duba. Ya ba ni lokaci, na rantse ya ba ni, ya kai a karanta Fatiha. Kalma huɗu ce za ta raba rigimar: ni na buɗe akwatin. Bobbo ya tsuguna ya ba da haƙuri, a zage ni, a yi dariya wata rana. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmin wani. Sai Bappa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Tunda ni maƙaryaci ne, kada ka sake taka ƙofar maƙaryaci. Ko gawata." Ya shige.

Muka taho gida. Ya shiga ɗakinsa, na bi shi. Akwatin na nan inda ya bar shi, kwaɗon a kulle, lafiya lau, ba alamar dutse ko guduma. Ya tsaya yana kallonsa. Ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗi. Ya buɗe, ya dubi tsatsa da sauran laima a gindin, ya shafa da yatsa, ya rufe. Ya mayar mini da mabuɗin a tafin hannu, ya ce, "Ruwa ya shiga, ko?" Na ce e. Ya ce, "To." Mutumin da tun yana yaro ya iya bin sawun wasiƙa hannu bayan hannu har inda ta maƙale, ba zai rasa sanin ta hannun wa takardunsa suka fita ba. In ya koma ya ba Bappa haƙuri, dole ya faɗi wanda ya buɗe, dole garin ya san babban ɗan gidan, mai riƙe da amanar wasiƙun mutane, ya yi ƙarya a gaban jama'a ya bar ƙanensa ya faɗa rami. Ya zaɓi ya ɗauka. Bayan kwana biyu ya sallami Inna ya tafi, aka ce girman kai ne na 'yan boko.

Sauran labarinsa a waya da wasiƙa na ji shi. Ya yi shekaru yana sake gina abin daga ƙwaƙwalwa, kafin ya gama wasu sun riga shi isa kusa da wurin ta wata hanya. Ya gaya mini haka ba tare da ɗaci ba, ya ce ilimi ba gonar mutum ɗaya ba ce. Ya ci gaba. Ya yi aiki a kan yadda ake samo hanya mafi kusa a cikin dubban hanyoyi, da yadda ake jera bayanai kamar rassan bishiya, da yadda injuna ke miƙa wa juna saƙo in layi ya cunkushe. Ya yaye ɗalibai, ya rubuta takardun da ban iya karantawa. Amma asibitin ƙauyen da ya ce zai yi magana da na gari, ba shi ya haɗa su ba, ba kuma a lokacin da ya so ba. Sau ɗaya ya sake zuwa, rasuwar Inna, ya kwana uku. Bappa na da rai lokacin, suka zauna a tabarma ɗaya a wurin addu'a, ba wanda ya dubi wani, ni ina tsakaninsu ina karɓar gaisuwa. Da wayar hannu ta zo ya riƙa kirana duk Juma'a. Mu yi maganar ruwan sama, da ciwon gwiwa, da wanda ya mutu. Yakan tsokane ni ya ce, "Hamma, muryarka ta bi ta hannu ashirin kafin ta iso ni, ba wanda ya buɗe ta." In ce masa to ka gaishe su. Sau da yawa nakan shirya maganar tun Alhamis, in jera ta a raina, in ya kira sai in tambaye shi sanyi. Shi ma bai taɓa buɗe mini ƙofar ba. Ban sani ba ko tausayi ne, ko hukunci.

Shi ya sa da tsohon nan ya ce ya manta gida na ji kamar in tashi in kifar da butar da ke gabansa. Amma da wane baki? Shi abin da ya gani a ƙofar zaure ya faɗa, kuma ni na bar shi ya gani haka. Masu ɗakin kwamfuta sun aiko a ba su hotonsa da tarihinsa a taƙaice. Na ba su hoto. Tarihin na ce su jira.

Bayan sadakar bakwai 'yarsa ta sake kira. Ta ce tana so ta zo Yola da 'ya'yanta su ga inda kakansu ya tashi. Na ce gida nasu ne. Sai ta ce akwai abin da take son tambaya. Ta ce tun suna yara suke roƙonsa ya kawo su, yana cewa sai wata shekara. Da ciwo ya tsananta ta tambaye shi kai tsaye, me ya raba shi da garinsu, me ya yi musu ko me suka yi masa. Ya ce mata ba labarinsa ba ne shi kaɗai, ta tambayi Hamma, in ya ga dama zai faɗa. Ta ce, "Bappa, mene ne?"

Na ce mata layin ba shi da kyau, kuma magana ce mai tsawo, ta bari a yi arba'in zan kira ta da kaina. An yi arba'in makon jiya. Ban kira ta ba.